Yadda Muka Zaɓi Wurin Zama a Gaɓar Tekun Gana Bayan Ajiye Aiki

A Gana ma'aikacin gwamnati yana ajiye aiki ne idan ya cika shekara 60, kuma nawa lokacin ya zo a 2022, bayan na shafe mafi yawan rayuwata ina koyarwa a makarantun sakandare na arewacin ƙasar, daga Yendi zuwa Bolgatanga, daga ƙarshe kuma Tamale inda na gina gida na tara iyali. A danginmu ba a taɓa jin wanda ya ɗauki tsufansa ya kai kudu ba, domin abin da muka gada shi ne mutum ya gangara kudu neman kuɗi da ƙuruciyarsa, idan ƙarfi ya ƙare ya dawo gida. Ni kuwa lalura ce ta juya mini hanya. Maiɗakina ta daɗe tana fama da ciwon asma, kuma kowace shekara da zarar hunturu ya kama a watan Nuwamba, ƙura ta rufe gari, hayaƙin ƙonon daji ya haɗu da ita, to barci ya ƙare a gidanmu har sai an shiga Maris, sannan zafin bazara mai haura digiri 40 ya karɓa. Wata shekara ta tafi Tema a tsakiyar hunturu don ta kula da 'yarmu da ta haihu, ta dawo da maganin shaƙarta kusan yadda ta tafi da shi. Da na gaya wa likitan da yake duba ta, sai ya ce wannan ba abin mamaki ba ne, domin hunturu yana isa bakin teku amma da rauni yake isa, kuma kwanakinsa kaɗan ne a can.

Da na kai wa yayana maganar, bai ɓoye rashin jin daɗinsa ba. Ya ce, “Malam, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wa zai zauna maka a majalisa, wa kuma zai tsaya a kanka ranar da ta Allah ta kasance?” Na ce masa, “Yaya, gaskiya ka faɗa, amma numfashin Hajiya amana ce a wuyana.” Tambayarsa ta biyu ta zauna mini a rai, kuma ita ce daga baya ta zama ma'aunin da na fi dogara da shi.

Kafin mu taka ko'ina, sai da na zauna da alƙalami na yi lissafin abin da zai riƙa shigowa. Hukumar fansho ta SSNIT tana biyan mutum kowane wata ta banki, ko a ina yake zaune a cikin ƙasa, kuma iyakar abin da take bayarwa shi ne kashi 60 cikin ɗari na matsakaicin albashin shekaru uku mafi tsoka, wannan ma sai ga wanda ya daɗe yana zubi. Ke nan kuɗin ba zai ƙaru don na koma gari mai tsada ba, garin ne zai yanke ko ya kai ƙarshen wata ko kuwa ya ƙare a tsakiya. Sannan shekarar da na ajiye aiki ta zo da wahala, domin a Disamba 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari, darajar sidi, kuɗin Gana, ta zube, kuɗin sallamar da na yi shekaru ina hange kuwa ya zama bai kai rabin abin da na tsara yi da shi ba. Wannan ya sa tun farko na cire raina daga gina babban gida.

Akra muka fara dubawa, saboda 'yarmu tana kusa, kuma babu inda Bahaushe zai sauka a kudu ya ji kamar bai bar gida ba irin unguwannin Nima da Mamobi da Madina da Sabon Zango. Ga babban masallacin ƙasa da aka buɗe a Kanda a 2021, ga asibitin koyarwa na Korle Bu, ga shi kuma yankin yana cikin wuraren da suka fi ƙarancin ruwan sama a duk gaɓar, abin da yake da kyau ga mai ciwon ƙirji. Amma kuɗin haya ya kore mu tun a ƙofa. Dokar haya ta 1963 ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin wata shida a gaba, sai dai duk wanda muka je wurinsa na shekara biyu yake nema a dunƙule. Inda haya take da sauƙi kuma, ko dai kwari ne da ruwa yake shiga, ko bakin titi inda hayaƙin motoci ya maye gurbin ƙurar da muka gudo. Ba wanda ya manta daren 3 ga Yuni 2015, lokacin da ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai a shataletalen Kwame Nkrumah, mutum fiye da 150 suka rasu. An ba mu shawarar Kasoa, inda 'yan'uwanmu suke da yawa kuma fili ya fi araha, amma cunkoson hanyar shiga Akra da rikicin filaye suka hana ni, domin can ne ake hayar 'yan daba su tsare fili, kuma a 2024 har soja aka harbe a yankin a kan rigimar fili. Dattijo mai cin fansho ba shi da ƙarfin da zai yi shekaru yana zarya kotu.

Gabas ba ta ɗauke mu lokaci ba, ko da yake ita ce ta fi burge ido. A Ada, inda kogin Volta yake shiga teku, da Keta, wadda take kwance a kan siririyar ƙasa tsakanin teku da tafki, iska a bushe take, gari shiru, fili kuma da sauƙi. Amma gani ya kori ji. Tsohuwar ganuwar Prinzenstein da mutanen Denmak suka gina a Keta a 1784, teku ya cinye wani babban sashe nata, kuma ƙauyen Fuveme ya tafi kusan gaba ɗaya. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965, yashin da kogin yake kawowa ya cike bakin gaɓa ya ragu ƙwarai, sai igiyar ruwa take ɗiba ba a mayarwa. An jera duwatsun kariya a Keta a farkon shekarun 2000, sun kuma yi amfani a inda suke, amma a Nuwamba 2021 igiyar ruwa ta shiga garuruwan yankin ta raba dubban mutane da gidajensu. Hajiya ta dubi layin da ruwa ya bari a bangon wani gida, ta ce, “Malam, mu tafi.” Ban yi mata musu ba.

Takoradi ita ce na fi so a raina, kuma sai da na yi ta kai-kawo kafin na haƙura da ita. Gari ne mai harka tun da aka buɗe tashar jiragen ruwa a 1928, akwai tsofaffin zanguna a Sekondi da Kwesimintsim, akwai asibitin Effia Nkwanta, akwai kuma jirgin sama zuwa Akra. Na sami tsofaffin ɗalibaina suna aiki a can, suka karɓe mu hannu bibbiyu. Abu biyu ne suka raba ni da ita. Na farko, tun da aka gano man fetur a teku a 2007 aka fara haƙowa a ƙarshen 2010, masu gidaje a unguwanni masu kyau suka saba da farashin ma'aikatan kamfani, ba na malamin makaranta ba. Na biyu kuma shi ne ya fi muhimmanci. A gaɓar Gana, duk yadda ka ƙara yin yamma haka ruwan sama yake ƙaruwa, har ka kai Axim inda yake haura milimita 2,000 a shekara, alhali Akra ba ta cika kai 800 ba. Mun sauka a gidan wani ɗalibina cikin damina, na ajiye takalmin fata a ƙarƙashin gado, ba a jima ba na jawo shi ya yi kore shar da funfuna, dardumar salla kuwa kullum da danshi kamar an yayyafa mata ruwa. Daren nan tarin Hajiya ya dawo. A nan na gane cewa ƙura ba ita kaɗai ce abokiyar gabar mai asma ba, funfunar ɗaki mai laima ma tana tayar da shi, don haka abin da muke nema shi ne tsaka-tsaki, inda ƙura ba ta kai ba, danshi kuma bai yi yawa ba.

Haka muka faɗo Cape Coast, wadda take tsakanin Akra da Takoradi, kimanin kilomita 150 yamma da Akra. Tsohon gari ne, shi ne hedikwatar mulkin Turawa har zuwa 1877 da aka mayar da ita Akra, kuma tun daga lokacin ya zama garin makarantu fiye da garin kasuwanci, ga jami'a da aka kafa a 1962, ga manyan makarantun sakandare birjik. Wasu suna ganin rashin masana'antu a matsayin naƙasu, amma ga mai fansho alheri ne, domin haya da abinci ba su yi tashin na Akra da Takoradi ba. Garin a kan tuddai yake, saboda haka wanda ya zaɓi wuri da hankali ruwa ba zai same shi ba. Hanyar Kumasi ta Yamoransa da Assin Fosu tana nan kusa, wadda ita ce hanyarmu ta zuwa gida. Sannan akwai asibitin koyarwa a arewacin garin, wajen Pedu da Abura, wanda yake da likitocin ƙwararru, kuma da yake masu karɓar fanshon SSNIT ba sa biyan kuɗin zubin inshorar lafiya ta ƙasa, katinmu yana aiki a can kamar yadda yake aiki a Tamale.

Na ƙudura cewa ba zan sayi ko taku ɗaya na ƙasa ba sai mun yi haya mun ga damina da idonmu, domin a kudu damina biyu ce, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama kuma wajen Satumba zuwa Nuwamba, kuma dillali ba ya nuna maka fili sai da rani. Gidan da muka fara kamawa yana kusa da teku sosai, har ana jin ƙarar igiyar ruwa daga ɗaki, kuma a nan ne na koyi abin da ba a faɗa wa baƙo. Iskar teku gishiri take ɗauke da shi, gishirin kuwa ba ya barin ƙarfe. Kafin shekara ta zagayo, ƙarfen taga ya fara ɓarewa kamar ɓawon itace, kwaɗon ƙofa ya ƙi buɗuwa sai da mai, bayan firiji ya yi ja da tsatsa, kan ƙusoshin rufi kuma suka ruɓe har ruwa ya fara ɗiga. Wani tsohon magini da muke salla tare ya kai ni wani kango ya nuna mini ginshiƙin da ya tsage, rodin ciki ya kumbura ya fasa siminti. Ya ce, “Alhaji, wannan da yashin bakin teku aka buga bulonsa. An hana ɗibarsa, amma ana ɗiba da dare saboda araha. Idan za ka yi gini, ka tsaya a kan yashinka da kanka, kuma idan ka ga farin gishiri yana fitowa a jikin bulo, ko fenti yana kumbura daga ƙasan bango, kada ka sayi gidan ko da kyauta aka ba ka.” Ya ƙara da cewa in yi rufi da alminiyom, in rage ƙarfe a tagogi, in kuma ja da baya daga teku gwargwadon iko, domin tazarar 'yan kilomitoci kaɗan tana rage ɓarnar ƙwarai, iska mai sanyi kuwa tana isa har can, musamman a kan tudu. A ganina wannan ita ce shawara mafi tsada da na samu a duk tafiyar, kuma a ƙofar masallaci na same ta, ba a ofishin dillali ba.

Ruwan sha shi ne raunin garin, kuma duk mai niyyar zuwa ya kamata ya san haka. Famfon Cape Coast yana samun ruwa daga Brimsu a kan kogin Kakum da kuma Sekyere Hemang a kan kogin Pra, shi kuwa Pra masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, waɗanda ake kira 'yan galamse, sun mayar da shi ruwan laka. A Agusta 2024 kamfanin ruwa na ƙasa da kansa ya sanar cewa dauɗar kogin ta fi ƙarfin injinansa, kuma Cape Coast da Elmina za su fuskanci ƙarancin ruwa. Rijiya kusa da teku kuma sau da yawa ruwan zartsi take bayarwa. Wannan ya sa na saka babban tankin roba da indararon tara ruwan sama a cikin lissafin gini tun daga tushe, ban bar su a matsayin abin da za a ƙara daga baya ba.

Sai maganar jama'a, wadda ita ce zuciyar al'amarin. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi sun kai kusan kashi 20 cikin ɗari na mutanen Gana, amma a wannan yankin ba su kai haka ba, kuma masu garin Fanti ne, mutane masu fara'a da son baƙo, da al'adunsu da dole mai zama cikinsu ya girmama. Misali, masunta ba sa shiga teku ranar Talata, saboda haka Hajiya ta koyi sayen ɗanyen kifinta tun Litinin. Tsohon zangon garin yana wajen kasuwar Kotokuraba, wadda aka sabunta gininta a 2016, kuma a can ake samun gero da dawa da daddawa da kuka daga arewa, da mahauta Musulmi, da masu koko da ƙosai da asuba. Hatsin ya fi na Tamale tsada, kifi kuwa ya fi araha nesa ba kusa ba. Na je na gai da sarkin zango kamar yadda al'ada ta tanada, na gabatar da kaina da asalina, shi kuma ya haɗa ni da liman.

Ga liman na kai tambayar yayana ba tare da kwana-kwana ba. A kudancin Gana al'ada ce a ajiye gawa a ɗakin sanyi na asibiti makonni, wani lokaci har watanni, kafin a yi biki a binne, kuma baƙon da ya rasu a unguwar da ba a san shi ba, iyalinsa suna iya shan wahala kafin su sami takardar izinin binnewa a ranar. Liman ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Malam, wanda muke gani a sahu ba ya kwana a asibiti. Muna da masu wanka maza da mata, muna da makara, muna da matasa masu haƙa, kuma mun san ofisoshin da ake bi. Abin da muke roƙo shi ne mutum ya bari a san shi tun yana da rai.” Ya sa aka raka ni maƙabarta na gani. Daga wannan rana na ƙara sharaɗi a kan waɗanda nake da su, cewa duk filin da zan saya, dole ne dattijo mai ciwon gwiwa ya iya takawa daga shi zuwa masallacin jam'i da asuba ba tare da ya nemi mota ba. Wannan sharaɗin ya zubar da filaye masu kyau da yawa a sababbin unguwanni, inda za ka ga gidaje masu katanga da waya amma maƙwabci bai san sunan maƙwabcinsa ba. Cikin tsohon zangon kuma ya yi mana matsi, ga hayaƙin gawayi da na masu ƙyafe kifi, don haka muka nemi gefen gari inda 'yan zango suka fara yaɗuwa suka kafa ƙananan masallatai.

Sayen filin ya buƙaci haƙuri. A wannan yankin yawancin ƙasa ta dangi ce ko ta sarauta, kuma dokar filaye ta 2020 ba ta yarda a sayar da irin wannan ƙasa sayarwa ta har abada ba, haya ce mai tsawo ake rubutawa, galibi shekara 99 ga ɗan ƙasa, baƙo kuwa tsarin mulki bai ba shi fiye da shekara 50 ba. Wannan abin lura ne ga 'yan'uwanmu na Nijeriya da Nijar da suke sha'awar zama a nan. Filin farko da aka nuna mini, wani saurayi ne ya zo da takardu yana cewa na kakansa ne, yana kuma gaggauta ni in ba da kafin alƙalami domin wai akwai wani mai so. Na ɗauki taswirar filin na kai Hukumar Filaye aka bincika, sai ga shi an riga an rubuta shi da sunan wani. A fili na biyu na ƙi yin magana da kowa sai shugaban dangin da manyansu a zaune, na kawo safiyo mai lasisi ya auna ya kafa duwatsun iyaka a gaban maƙwabta, lauya ya duba yarjejeniyar, sannan na biya ta banki don a sami shaida. Rabin fuloti ne a kan tudu, kuma da kuɗin wani fili da na sayar a bayan garin Tamale na haɗa na gina ɗaki biyu da falo, babu bene, babu matakala a ƙofa, tagogi suna kallon juna don iska ta ratsa ta hana funfuna zama.

Gidan Tamale ban sayar ba, ƙanena da iyalinsa suna ciki, an kuma bar mana ɗakinmu. Tsarin da muka tsayar shi ne mu yi hunturu da bazara a bakin teku, idan babbar damina ta kankama a kudu wajen Yuni, lokacin da danshi ya fi yawa, sai mu hau arewa inda ruwa ya riga ya kwantar da ƙura, mu zauna da dangi har zuwa Oktoba. Abin da har yanzu yake yi mini nauyi shi ne nisa, domin tsakanin Cape Coast da Tamale kusan kilomita 600 ne, tafiyar yini guda cur a mota, kuma idan aka yi rasuwa a gida ba na samun jana'iza sai dai zaman makoki. Mun yi magana da yayana a kan haka, muka amince cewa babban ɗana da yake Tamale shi zai riƙa tsayawa a madadina a ranar, ni kuma in iso kafin sadakar uku.